Kudbi, Tsaka da Katin Alƙalanci

A duk faɗin unguwar Tangin ta birnin Wagadugu babu wanda bai san cewa Kudbi Ilbudo ya fi kowa sanin fim ba. Yadda aka yi kowa ya sani kuwa, Kudbi ne da kansa ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu. Sana'arsa gyaran babur, amma duk wanda ya kawo masa faci sai ya sha bayanin fim kafin a taɓa masa taya. Har "Darakta" ake ce masa, shi kuma yana amsawa da ƙarfinsa, don bai taɓa gane cewa tsiya ake yi masa ba.

"Fim ai ba wani abu ba ne mai wuya," in ji Kudbi. "A daki mutum, mota ta kama da wuta, yarinya ta yi kuka, mugu ya mutu. In aka tashi mugu yana da rai, wallahi an cuci 'yan kallo."

Ɗaya nau'in kuwa, wato fina-finan da masu ƙaramin ƙarfi ke haɗawa da kansu su kawo babban bikin fina-finan da ake yi a garin, Kudbi ba ya ko son jin sunansu.

"Ka zauna, jaki ya shigo ta hagu. Ka fita ka ci wake da mai, ka sha ruwa, ka dawo, jakin bai kai dama ba. Can sai a kunna fitila, masu tabarau su miƙe suna tafi. Don Allah wa suke yi wa tafin? Jakin?"

"Danginka ne, shi ya sa kake kishi," in ji Pare, mai gasa kaji a rumfar da ke jikin tasa.

"Rufe min baki, bawa! Yaushe ɗan Samo ya san fim? Ku da kuke gudu in mota ta taho a allo!"

Pare ɗan ƙabilar Samo ne, Kudbi Bamoshe, ƙabilu biyu abokan wasan juna, saboda haka zagi tsakaninsu halak ne tun kaka da kakanni. Ɗan Samo zai iya zuwa wurin jana'izar Bamoshe ya ce mamacin ragwanci ne ya sa ya kwanta, kuma 'ya'yan mamacin dariya za su yi, har su ba shi abin sha. Haka su biyun suke wuni, wannan ya ce wancan bawansa ne, wancan ya ce ƙarya ne, shi ne ubangida.

Ana nan sai bikin ya ƙarato. Ran nan Madam Nikyema, wadda aka turo kwanan nan daga garin Kudugu ta riƙe gidan matasan unguwa, ta kawo wa Kudbi babur ɗinta a duba birki. Tana tsaye take ba da labari cewa bana an ce kowace unguwa ta ba da mutum ɗaya ya shiga cikin alƙalan 'yan kallo. Wanda aka zaɓa za a rataya masa kati mai igiya a wuya, ya shiga duk gidan sinima da ya ga dama, ya zauna a gaba, a tambaye shi ra'ayinsa. Ranar Asabar da magariba za a nuna wani ƙaramin fim a farfajiyar gidan matasa, bayan an gama jama'a su yi magana, ita kuma ta zaɓi mutum ɗaya.

Sifana ta faɗi daga hannun Kudbi.

Kati a wuya! Nan take ya hango kansa yana shiga babban gidan sinima na tsakiyar gari, masu gadin babura suna sara masa, sanyin na'ura yana ratsa shi, Pare kuwa yana waje cikin hayaƙin kaji. Ya ji in katin nan ya wuce shi, to, rayuwarsa ta tashi a banza. Matsala ɗaya ce: alƙalan biki, a iya saninsa, duk masu son fim ɗin jaki ne. To, shi ma daga yau ya zama mai son jaki.

"Na daɗe ina nazarin mutanen nan," ya ce wa Pare bayan Madam ta tafi. "Abu uku ne kawai. Tabarau, ƙyalle a wuya, sai kama haɓa. In aka tambaye ka, ka yi shiru tukuna, sannan ka ce akwai saƙo. Shi ke nan ilimin. Kafin Asabar na fi su iyawa."

"Allah ya sa ina da rai," in ji Pare, yana juya kaza.

Washegari Kudbi ya tafi babbar kasuwa. Mai tabarau ya baje masa kaya, ya ce ga marasa magani nan na ado. Kudbi ya ture su. Ya zaɓi wanda gilashinsa ya fi kowanne kauri, don a ganinsa kaurin gilashi shi ne kaurin ilimi. Yana sa shi duniya ta narke, mutane suka koma inuwa, amma da ya duba madubi ya ga wani dishi-dishin mutum mai kwarjini, sai ya ce haka ake so. Ya haɗa da ƙyallen ulu ja, irin na masu zuwa ƙasashen ƙanƙara, ya naɗe wuya da shi a tsakiyar zafin da ko kare ba ya fita rana.

A hanyar dawowa ya gaida tukunyar gas, ya tambaye ta mutanen gida. A rumfa ya ɗura wa wani malamin makaranta man juye a tankin fetur, babur ɗin ya tashi da hayaƙi har kajin Pare suka canja launi. Malamin yana zage-zage, Kudbi ya kama haɓa ya ce masa fushi alama ce ta rashin zurfin kallo.

A gida matarsa Talato ta ajiye masa tuwo da miyar kuɓewa. Ya zauna ya zuba wa kwanon ido, hannu a haɓa, shiru.

"Lafiya, Baban Wendyam?"

"Tuwon nan," ya ce a hankali, "akwai saƙo a cikinsa."

"Akwai. Saƙon shi ne ka ci kafin ya huce. Kuma miyar tana dama da kai, abin da kake shirin tsoma hannu a ciki ruwan wanke hannu ne."

Abin da ya fi ba shi wahala shi ne gidan kallon unguwa, inda ya saba zama a bencin gaba yana ihu. Ranar Alhamis aka sa wani fim na faɗa, irin wanda mutum ɗaya ke tarwatsa gari guda. Kudbi ya je don ya nuna wa jama'a ya wuce wannan matakin. Ya zauna ya juya wa akwatin talabijin ɗin baya.

"Hayaniya kawai," ya ce. "Ina shiru? Ina numfashi? Ku fa har yanzu yara ne."

Sai aka ji ƙarar naushi daga akwatin. Ƙafar Kudbi ta harba da kanta, ba da izininsa ba, ta kifar da tiren gyaɗar wata mata. Sai da ya tsince gyaɗar tas a durƙushe, da tabarau, rabin abin da ya tsinto tsakuwa ne.

Asabar ta zo. Aka ɗaura farin zanin gado a bangon gidan matasa, aka jera bencina, aka kafa majigi a kan tebur. Tangin kaf ta hallara, don Pare ya bi gida-gida ya sanar cewa yau bawansa zai yi wa duniya bayani. Kudbi ya iso cikin rigar saƙi sabuwa, ƙyalle har kunne, Talato tana riƙe da hannunsa kada ya faɗa kwata. Ya zauna a gaba, Pare ya zauna dab da bayansa.

Fim ya fara. Kudbi ya hango wani abu mai kama da tsohuwa a ƙofar gida tana sheƙar gero. Ya ce a ransa, to, ga jakin nan ya shigo. Zafin ƙyalle ya haɗu da tuwon da ya ci, idanunsa suka yi nauyi, ya ɗan tafi.

Yana cikin tafiyar ne majigin ya sandare. Hoton ya tsaya cak, tsohuwa ta ɗaga ƙwarya sama, baki a buɗe. Mai majigi ya ba jama'a haƙuri ya ce wata waya ce ta ƙone, bari ya ɗauko wata a ofis, Madam Nikyema ta bi shi da makulli. Jama'a suka shiga hira, masu sayar da ruwan gero suka fara zagayawa.

Hayaniyar ce ta tashi Kudbi. Ya duba allo, ba abin da ke motsi. Ya duba baya, mutane suna ta surutu da dariya. Murna ta kama shi. Ga dama ta samu! Ya miƙe tsaye ya juya, ya ɗaga hannu.

"Kai, jama'a! Haba! Wane irin jahilci ne wannan? Ana nuna muku abu mafi zurfi a fim ɗin, kuna shan ruwan gero?"

Talato ta ja masa riga. "Baban Wendyam, zauna, ai na'urar ce ta…"

"Bar shi, Talato," in ji Pare da sauri. "Ilimi zai ba mu. Darakta, mu jahilai ne, taimaka mana. Me ya sa tsohuwar ba ta motsi?"

Kudbi ya kama haɓa. Ya yi shiru, kamar yadda ya tsara.

"Tana jira," ya ce.

"Me take jira?"

"Wannan ita ce tambayar! Mai ƙaramin tunani zai so ta motsa. Amma wanda ya haɗa fim ɗin nan ya hana ta, da gangan, don ku ji nauyin jira a jikinku. Kun san wahalar da ke cikin mutum ya tsaya haka, ƙwarya a sama, ko ƙifta ido babu? Duk manyan jaruman da kuke wa ihu, ba mai iya wannan."

"Wallahi kuwa," wani ya ce daga baya, yana danne dariya. "Ko numfashi ba ta yi."

Daidai nan wata tsaka ta fito daga saman bango, hasken majigi ya jawo ta, ta gangaro kan zanin ta tsaya a goshin tsohuwar. Kudbi ya hango wani baƙin abu yana motsi a allo.

"Yauwa! Kun gani? Da kun yi haƙuri! Ga jarumi na biyu ya shigo."

Wata mata ta cusa bakin zaninta a baki. Yara suka fara faɗowa daga benci.

"Darakta, shi kuma wane ne?" in ji Pare, fuska a ɗaure kamar mai ɗaukar karatu.

"Shi ne mugu. A irin fim ɗinku mugu da bindiga yake zuwa. A nan kuwa a hankali yake zuwa, ya hau kan talaka ya zauna. Ku dubi tafiyarsa. Wannan ɗan wasa ya yi makaranta."

Tsakar ta kai wa wani ƙwaro cafka ta haɗiye.

"Babba ya cinye ƙarami!" Kudbi ya buga cinya. "Akwai saƙo!"

Tsakar ta gaji da wasan kwaikwayo, ta bi gefen zanin ta fita, ta hau tsuran bango.

"Af, Darakta! Jarumin naka ya fita daga fim ɗin."

"To ai ƙwarewar ke nan! Ya ƙi yarda da iyaka. Ku kun taɓa ganin…"

Bai ƙarasa ba. Wani ya jefa wa tsakar silifa, ta saki bango, ta faɗo kai tsaye cikin ƙyallen Kudbi, ta nutse ta bayan wuya. Ihun da ya yi, sai da karnukan bakin dam suka amsa. Ya yi tsalle, ya yi juyi, ya fizge ƙyalle, tabarau ya yi nasa wuri, rigar saƙi ta koma kansa. Tangin ta kwanta a ƙasa don dariya. Madam Nikyema kuwa tana tsaye a ƙofar ofis, ta daɗe da dawowa, ta ji komai tun daga jarumi na biyu.

Mai majigi ya sa waya, tsohuwa ta sauke ƙwaryarta. Kudbi ya zauna yana haki, ba tabarau, karo na farko a makon nan yana ganin duniya tar.

Ashe fim ɗin ba na jaki ba ne ko kaɗan. Tsohuwa na sauke ƙwarya wani ɓarawo ya wuce a kan babur ya sure mata zabuwa. Ita kuma ta tattare zani, ta haye babur ɗin jikarta, ta bi shi. Suka ratsa kasuwa, suka watsa tumatir, suka shiga ta tsakiyar masu ɗaurin aure suka fita ta ɗaya gefen. Kudbi ya daure iya daurewa. Ya kama haɓa, hannun ya ƙi zama. Da tsohuwa ta zaro muciya daga bayanta, ai sai ga Kudbi a kan benci.

"Bi shi, Kaka! Ta hagu! Ta hagu, zai shiga lungu! Sa giya! Dake shi! A ƙeya! Yauwa, haka nake so!"

Har aka gama bai sauko ba. Da ɓarawon ya faɗa cikin kwata, zabuwa ta tashi ta sauka a kan tsohuwar, Kudbi ya rungume na kusa da shi yana hawaye.

Aka kunna fitila. Madam Nikyema ta fito gaba da wata matashiya, ta ce ga wadda ta haɗa fim ɗin da kuɗin aljihunta da aron babura, Safiyatu Toe. Aka yi tafi. Sannan ta ce fili na jama'a ne, wa zai fara?

"Tsaka!" wani ya yi ihu. "A kira lauyan tsaka!"

Kunya ta dawo wa Kudbi sabuwa fil. Kati yana shirin kuɓuce masa, ya san haka. Amma sai sunan nan ya yi masa ƙara a kunne. Toe! Ai Toe sunan Samo ne tsantsa. Alhamdu lillahi! Mafita ta samu: zai ce duk abin da ya yi wasa ne, yana tsokanar baiwarsa ne, sannan ya ƙara mata da sabon zagi, jama'a su yi dariya tare da shi maimakon a kansa. Ya lalubo tabaransa a ƙasa, gilashi ɗaya ya tsage, ya maƙala, ya miƙe.

"Madam, jama'a, kun ɗauka ban san na'ura ta tsaya ba? Ni? Ai tunda na ji fim ɗin 'yar Samo ne na ce bari in yaba wa tsaka, don ita kaɗai ce mai hankali a allon nan. Ke baiwata, wa ya ba ki izinin taɓa kyamara ba ki zo kin gaida ubangidanki ba? Ina kika samo tsohuwar nan?"

"Kakata ce," in ji Safiyatu a sanyaye.

"Na sani, ai da gani! Fuska kamar ƙwaryar da aka ɗinke. Wallahi tsakar ta fi ta iya wasa, ta kuma fi ta kyau!"

Ya tsaya yana jiran dariya. Dariya ba ta zo ba. Sai wani dunƙulen abu da ke zaune a ƙarshen bencin gaba, wanda Kudbi ya ɗauka buhun kayan mai majigi ne, ya motsa, ya dogara sanda ya miƙe.

"Wannan ɗan gidan wa ne?" in ji tsohuwar.

Da harshen Moshawa ta yi tambayar, tsantsarsa, irin na ƙauyukan Kudugu.

"Malam Kudbi," in ji Madam Nikyema, "Toe sunan mijin Safiyatu ne. Ita kuwa 'yata ce, ni na haife ta. Wannan kuma da ka kwatanta da tsaka, mahaifiyata ce. A jininmu babu ɗigon Samo, Moshawa ne kamarka."

Bamoshe ya zagi tsohuwar Bamoshiya a bainar jama'a, wannan ba wasa a cikinsa, zagi ne zalla. Kudbi bai san lokacin da ya zube ƙasa ba, gwiwar hannu a turɓaya, yana gaisuwar da rabonsa da ita tun yana ƙauye.

"Kaka, tuba nake! Sunan ne ya yaudare ni! Tabarau ne! Wannan bawan ne ya zuga ni!"

"Ni ko bakina ban buɗe ba," in ji Pare.

Madam Nikyema ta zuge jaka ta fito da katin, igiyarsa shuɗiya tana lilo.

"Abin haushin, kai na zo ba wa. Cewa aka yi in kawo mutumin da ke kallon fim yadda 'yan unguwa ke kallo, don masu kama haɓa sun yi yawa a can. Tun ranar da na kai maka birki na zaɓe ka. Ko tsakar ma na yafe, da na ga ka hau benci kana ihu har na sa hannu a jaka."

Kudbi ya ɗago kai daga ƙasa. "To, Madam, ai hannun bai fito da nisa ba…"

"Yanzu ba ni ke da magana ba. Inna, wa za a ba?"

Tsohuwar ta bi taron da kallo. "Akwai ɗan Samo na gaskiya a nan?"

"Ga ubangidanki nan, tsohuwa," in ji Pare, ya miƙe yana gyara riga.

"Ba shi. Shi ko ya zage ni, hakkinsa ne."

Aka rataya wa Pare kati, mutumin da rabonsa da ya kalli fim har ƙarshe tun kafin ya yi aure. Madam ta ce to, sabon alƙali ya faɗi ra'ayinsa. Pare ya shafa katin, ya yi gyaran murya, ya dubi tsohuwar sama da ƙasa.

"Fim ya yi kyau. Amma ke baiwata, gaskiya ɗaya ce. Fuska kamar ƙwaryar da aka ɗinke. Tsakar ta fi ki iya wasa, ta kuma fi ki kyau."

Tsohuwar ta kece da dariya har sanda ta faɗi, ta ce Allah ya tsine wa mai gasa kajin da suka mutu da kansu. Safiyatu tana tafi, Madam tana share hawaye, farfajiyar ta ɗauka gaba ɗaya.

Kudbi, yana nan a durƙushe, ya dubi wannan ya dubi wancan.

"Jama'a, ai maganata ce! Kalma ɗaya bai canja ba! Ni na fara faɗa!"

"Kai ka fara," in ji Talato, ta kama shi ta ɗaga. "Shi aka ba kati. Tashi mu tafi gida."